Kyamara Ba Ta Yafiya, To A Gyara Mana Allunan Hanya

Wani daren Alhamis bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu a nan Jidda ana shan shayi, sai wayar wani ta fara zagayawa hannu zuwa hannu. Duk wanda ya karɓa sai ya fashe da dariya. Da ta iso kaina na ga hoton alluna biyu ne a bakin wani titi, kusa da juna ƙwarai. Ɗaya ya ce 80, ɗaya ya ce 50. Na hamsin ɗin irin wanda 'yan kwangila ke kafawa ne in suna aiki. Aikin kuwa an gama shi tun tuni, an zuba kwalta, an ja layi, an kwashe kayan aiki, an bar allon a tsaye.

Mai hoton ɗan ƙanwata ne, direban gida, bai daɗe da zuwa ƙasar ba. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Kawu, don Allah wanne zan bi? In na bi hamsin, na baya su cika ni da hon da fitila. In na bi tamanin, ina tsoron saƙon tara ya shigo wayar maigida." Wani dattijo ya ce masa, "Yaro, bi motar da ke gabanka kawai."

Wannan amsa ta dame ni fiye da hoton, domin ita ce amsar da yawancinmu muka saba da ita.

Ra'ayina a fili yake. Allon hanya da ke faɗin abin da ba haka ba ya fi rashin allon illa. Kuma duk inda aka kafa kyamara tana kama direba don ya wuce lamba, wajibi ne a tabbatar lambar da ke kan allo daidai take, ana ganinta daga nesa, kuma babu wata a gefe da ke ƙaryata ta.

Tun shekarar 2010 aka fara aiki da Sahir, tsarin kama masu karya dokar hanya, a nan Saudiyya. Kyamara ce, ba ta san magiya ba, ba ta san "wallahi ban gani ba". Ka wuce jar danja, tara daga riyal 3,000 zuwa 6,000. Ka shiga titi ta hannun da aka hana, ita ma haka. Wannan kuɗi ya fi albashin wata na mafi yawan direbobin gida. Ni ba na adawa da tsarin, don na ga yadda tuƙi yake a Jidda kafin zuwansa, na kuma ga yadda ya koma. Abin da nake cewa shi ne, mai awo ba ya riƙe mudu biyu, ya auna wa kansa da cikakke, ya auna wa mutane da mai lanƙwasa. In ana so direba ya cika ƙa'ida daidai wa daida, to a gaya masa ƙa'idar daidai wa daida.

Irin kurakuran da nake nufi

Galibi in aka ce kuskuren allo, hankalin mutane yana tafiya ga harafin da aka tsallake ko Turancin da aka karya. Waɗannan su ne suka fi ba da dariya, kuma su ne mafi sauƙin illa. Masu cutarwar ba su cika ɗaukar ido ba.

Na farkonsu allon tahwila, wato na karkatar da hanya saboda aiki. Garuruwan nan kullum cikin gini suke: gada a nan, ramin mota a can, bututun ruwa a gaba. Kamfani zai zo ya kafa allunansa da kibiyoyi da shingayen roba, ya gama aiki, ya tafi ya bar rabinsu. Sai ka ga kibiya tana nuna dama alhali hanyar gaba a buɗe take. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi: an toshe hanya da kankare, amma babban allon sama yana nan yana kiran mutane su shigo. Da rana za ka hango ka kauce. Da dare fa, ga baƙo, ga gudu?

Sai allon da aka kafa a bakin mafita, ko ma bayan an wuce ta. A yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. In direba yana buƙatar daƙiƙa goma ya karanta, ya gane, ya duba madubi, ya tsallaka layuka uku ko huɗu zuwa hannun dama, ya riga ya ci fiye da mita 300. Allon da ya bayyana saura mita 50 bai yi masa amfanin komai ba. Daga nan ne za ka ga mota ta yanke titi a karkace kamar an jefo ta, ko ka ga wani ya tsaya a kafaɗar hanya yana komawa da baya. Muna zagin irin waɗannan direbobi, kuma sun cancanci faɗa. Amma in ka ga mafita ɗaya kullum ana yi mata haka, to a je a duba inda allonta yake.

Akwai wanda rana ta ƙone har ja ya koma fari. Akwai wanda gishirin iskar teku ya cinye, abin da duk mazaunin Jidda ya sani. Akwai wanda reshen bishiya ya rufe, da wanda allon talla mai haske ya danne shi. Akwai kuma maɗabb, tudun rage gudu, da aka gina a lungu ba fenti ba gargaɗi, sai dai ka ji ƙasan mota ya daku.

Batun lambobi ma ba ƙarami ba ne ga namu. Alluna da yawa suna ɗauke da lambar Larabci da ta boko tare, kuma hakan ya yi kyau. Inda aka sa ta Larabci kaɗai, wanda ya taso da boko yana shiga ruɗani na gaske. Biyar ta Larabci, ٥, kamar sifili take. Sifili kuma ɗigo ne. Shida, ٦, kamar bakwai ɗin boko. Saboda haka sabon zuwa zai kalli ٦٠ ya karanta saba'in, ya taka mota da zuciya ɗaya yana ganin yana kan doka.

Sunan da ke baki da sunan da ke allo

Nan ne na fi son a tsaya a yi tunani, don kullum muna cikinsa.

Hajiya za ta shiga mota ta ce wa direba, "Kai ni Tahliya." Duk Jidda an san Tahliya. Amma sunan da hukuma ta ba titin shi ne Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. Shara Sittin shi ne Titin Sarki Fahad. Sab'in shi ne Yarima Majid. Arba'in shi ne Yarima Mut'ib. Mutanen gari suna kiran suna ɗaya, allo yana ɗauke da wani. Ɗan gari ya haddace duka biyun tun yana yaro, bai ma san akwai matsala ba. Baƙo kuwa zai bi ta kan titin da yake nema, ya wuce shi, ya dawo, ya sake wucewa, yana neman kalmar da ba a rubuta ba.

Ƙari a kan haka, sunayen hukuma dogaye ne kuma da yawansu farkonsu iri ɗaya. Yarima wane ɗan wane, Sarki wane. Abin da ya bambanta wannan da wancan yana can ƙarshen layi, kuma sau da yawa kafin ido ya kai ƙarshen layi mota ta shige ƙarƙashin allon.

Ba ina cewa a canza sunayen ba. Kowace ƙasa tana girmama manyanta da tituna, mu ma a gida muna da titin Murtala Muhammad da na Ahmadu Bello a kusan kowane babban gari. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a rubuta sunan da mutane suka sani a ƙasan na hukuma, ko da da ƙananan haruffa.

A dubi Riyad. A kan titin zobe na birnin an ba mafita lambobi, kuma mutane suka karɓa. Kowa yana cewa Makhraj 10, Makhraj 15. Abin da ke baki shi ne ke kan allo. Ko wanda bai iya karatu sosai ba yana iya ƙirga lamba ya fita inda ya dace. Wannan ya nuna ana iyawa.

Haka rubutun sunaye da haruffan boko. Gari ɗaya, a nan Jeddah, a can Jiddah. A nan Buraidah, a can Buraydah. A nan Qassim, a can Qaseem. Mai jin Larabci zai ce ai duk ɗaya ne. Ga wanda haruffan boko kaɗai ya dogara da su, yana iya zaton wurare biyu ne, musamman a sunan unguwa ko ƙauyen da bai taɓa ji ba. Tun shekarun 1980 gwamnati ta tsayar da rubutun Makkah a hukumance, kuma ya zauna. Abin da aka yi wa suna ɗaya ana iya yi wa sauran.

Wani abu ya ƙara wa wannan batu nauyi a wajenmu. Mu mutanen kwatance ne. "In ka wuce masallaci, ka ga baƙala a kwana, gida na uku." Da haka muka rayu a Karantina da Sabil da Gulail shekara da shekaru. Tun daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni da dama a Jidda, jama'a suka watsu zuwa wuraren da ba su sani ba. Masallacin kwatance da baƙalar kwana, wato kantin unguwa, duk sun tafi. Dattijon da ya shekara arba'in a garin nan yanzu allo yake nema kamar wanda ya sauka jiya.

"Ai kowa yana da taswira a waya"

Wannan ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Google Maps ta sauƙaƙa rayuwa, ni ma ina amfani da ita.

Amma a tuna riƙe waya ana tuƙi laifi ne, tararsa riyal 500 zuwa 900, kuma kyamara tana kama shi. Ko ka maƙala ta a gaban mota, idon da ke kan waya ba ya kan titi.

Sannan duk wanda ya yi tuƙi a Makka ya san ramukan da aka fasa cikin duwatsu, ta wajen Aziziyya da Kudai da kewayen Harami. Kana shiga, waya ta rasa inda kake. Kana fitowa, hanya ta rabu biyu ko uku nan take. Kafin taswira ta farfaɗo ka riga ka zaɓa, kuma allon da ke bakin ramin ne kaɗai abin dogaronka. A Ramadan da lokacin Hajji kuma ana rufe tituna, ana juya hannun wasu, wani lokaci cikin sa'o'i. Waya tana bin baya ne, ba ta riga jami'in da ya ja shinge sani ba.

Abu mafi muhimmanci, doka ba ta san waya ba. In aka ci ka tara ba za ka ce taswira ce ta ce ka bi ta nan ba. Allo ne shaida. To abin da aka mayar shaida a kanka, ai ya kamata ya zama mai gaskiya.

Tsofaffinmu suna cewa matambayi ba ya ɓata. Haka ne a kasuwa da cikin unguwa. A kan babban titi mai layi huɗu babu wanda za ka tsayar ka tambaya.

"Gudu da ganganci ne ke kashe mutane, ba allo ba"

Na yarda, kuma ba zan rage wa wannan magana ƙarfi ba. Gudun wuce sa'a, danna waya, bin mota dab da dab, barci a kan sitiyari a hanyar Madina, su ne manyan masu kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa mutum 9,311 suka mutu a haɗarin mota a Saudiyya a 2016, adadin ya sauko zuwa 6,651 a 2021. An samu wannan ne da tsaurara doka da gyaran hanyoyi, kuma abin a yaba ne.

Sai dai ka tambayi kanka yadda direba ke koyon raina allo. Ba rana ɗaya yake farawa ba. Yau ya ga "ana aiki a gaba", ya rage gudu, bai ga aiki ba. Gobe haka. Jibi ya ga 50 inda kowa ke tafiya 90 kuma babu abin da ya faru. A hankali zuciyarsa ta yanke cewa alluna ado ne. Ranar da ya ga hoton raƙumi cikin kusurwa uku da tsakar dare a hanyar sahara, ba zai ɗaga ƙafa daga totur ba. Ranar da ya ga gargaɗin kwana a hawan Hada zuwa Ɗa'ifa, ga hazo ya sauko, zai ɗauka irin waɗancan ne. Allon ƙarya ɗaya yana zubar da mutuncin na gaskiya da ke gaba da shi.

A watan Fabrairun 2018 aka ɗaga iyakar gudu zuwa 140 ga ƙananan motoci a wasu manyan hanyoyi, har da ta Makka zuwa Madina da ta Riyad zuwa Ɗa'ifa. A irin wannan gudu mota tana cin kusan mita 39 a daƙiƙa. Duk lokacin da aka ƙara gudu, lokacin karatu raguwa yake yi, nauyin da ke kan mai kafa allo kuma ƙaruwa.

"Kai baƙo ne, ka koyi Larabci ka yi shiru"

Wannan daga bakin 'yan uwanmu na fi jin ta. Wani zai ce, "Malam, ka manta hanyoyin gida? Can ina ma allon yake?" Ban manta ba. Hanyoyin ƙasar nan sun fi na inda muka fito nesa ba kusa ba, kuma duk mai adalci zai faɗi haka. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya gina gada mai hawa uku ba zai gaza cire allon da ya tsufa ba.

Kuma ba dukanmu ne baƙi ba. Akwai Hausawa a Makka da Madina da Jidda da kakanninsu suka zo a ƙafa ta Chadi da Sudan, aka haifi iyayensu a nan, da yawa 'yan ƙasa ne. Unguwar Shara Mansur da ke Makka shaida ce. Su ma wannan titi suke bi, 'ya'yansu ma a kansa suke tsallakawa zuwa makaranta.

Koyon Larabci kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari ga duk mai zama a nan. Amma dubi su wa ke riƙe da sitiyari a ƙasar: 'yan Pakistan, Indiya, Bangaladash, Habasha, Sudan, Najeriya, Nijar. Ƙasar ce ta ba su biza da lasisi. Tun 24 ga Yunin 2018 mata ma suka fara tuƙi, wato an samu ɗimbin sababbin direbobi. Hanya ta kowa ce, dole allonta ya yi magana da wanda ya fi kowa rauni a karatu.

Dalilin da ya sa ke nan duniya ta zauna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1968 ta tsara yarjejeniya kan alamomin hanya, aka dogara da siffa da launi fiye da rubutu. Allon tsayawa kusurwa takwas ne, ja. Na ba da hanya kusurwa uku ne da aka kifa kansa ƙasa. An ware musu siffar da babu mai irinta don a gane su ko ƙura ta rufe rubutun, ko ta baya aka hango su. Ko wanda bai san قف ba, wato "tsaya" da Larabci, zai tsaya in ya ga kusurwa takwas. Matsala tana zuwa ne in aka bar siffa aka koma dogon bayani da rubutu, kamar allunan da ke jera sa'o'in da aka hana tsayawa ko aka hana manyan motoci shiga, layi uku ko huɗu da ƙananan haruffa.

Inda aka nuna ana iyawa

Duk mai shakkar cewa ƙasar nan ta iya allo, ya bi hanyar Jidda zuwa Makka. Kafin ka isa Shumaisi manyan alluna a sama suna gaya maka da Larabci da Turanci inda Musulmi za su miƙe da inda wanda ba Musulmi ba zai fita. Ana faɗa tun daga nesa, ana maimaitawa. Da wuya ka ji wanda ya ce bai gani ba.

Ya je Arfa. Manyan alluna masu ruwan ɗorawa sun kewaye filin, wannan ya ce nan Arfa ta fara, wancan ya ce nan ta ƙare. An kula da su haka ne don an san abin da ke kansu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Hajji ita ce Arfa. Wanda ya yini a wajen iyaka har lokaci ya fita bai shiga ba, ba shi da Hajji, ko da gonarsa ya sayar ya zo. Har cikin masallacin Namira an sa alama, saboda ɓangaren gabansa yana cikin Wadi Urana, wajen Arfa. Dubi wannan kula. An san taku kaɗan yana iya raba mutum da abin da ya tara kuɗin shekaru dominsa, sai aka rubuta masa ƙarara.

Haka miƙatai. Mai fitowa daga Madina yana ɗaukar harami a Zul Hulaifa, wurin da aka fi sani da Abyar Ali. Mai zuwa daga Riyad ta hanyar Sail yana tsayawa a Sailul Kabir, wato Ƙarnul Manazil. In kuwa ta Hada ya biyo, a Wadi Muhrim zai tsaya. Direban da aka ce masa "ka tsaya a Sail" ya biyo ta Hada, zai yi ta neman sunan da ba ya kan hanyarsa. In ya wuce da mutane ba harami, ko dai a koma ko a yi yanka. Nan ma kowane wuri yana da suna na littafi da suna na baki, kuma direban alhazai dole ya san duka.

Wannan kula ba yau ta fara ba. Fiye da shekara 1,200 da suka wuce, a zamanin Abbasiyawa, an gyara hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, wadda ake kira Darb Zubaida da sunan matar Halifa Haruna Rashid. Ba rijiyoyi da tafkuna kaɗai aka yi ba, an kafa duwatsun nisa da alamomi don kada ayari ya ɓace a sahara. Mutanen da suka yi wannan sun ɗauki nuna hanya ibada. A hadisi an lissafa shiryar da mutum a inda ya ɓace cikin sadaka, an kuma sa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani.

Yau har huɗubar Arfa ana fassara ta da Hausa. Ƙasar da ta yi wannan don alhaji ya ji da harshensa, ba ta rasa ikon sa mutum ya zagaya da mota ya tattara allunan da suka daina aiki ba. Ran da ke cikin mota a titin unguwa shi ne dai ran da ke tsaye a Arfa.

Abin da ya rage gare mu da su

Ga hukumomi, buƙatuna ba su da yawa. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya kwashe duk allon wucin gadi da ya kafa, a je a gani da ido. Kafin a kunna sabuwar kyamara, a bi titin da rana a kuma bi shi da dare, a tabbatar iyakar gudu tana bayyane tun daga nesa. Akwai hukumar kula da hanyoyi da aka kafa a 2022, akwai baladiyya, wato hukumar gari, a kowane gari, saboda haka ba a rasa mai alhakin ba.

Mu ma akwai namu. Mu ne ke manna takardar talla a jikin allo: ɗaukar kaya, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, lambar waya a kan kibiya. Mu ne ke ajiye babbar mota ta rufe allon tsayawa a bakin mahaɗa. Wannan cutarwa ce ga mutanen da ba mu sani ba, kuma za a tambaye mu.

Sannan in mun ga allon da ya ɓaci, ɗaukar hoto a zagaya da shi majalisa ba ya gyara komai. Lambar 940 ta baladiyya ce, don titunan cikin gari. Lambar 938 ta manyan hanyoyi ce. Da yawa daga cikinmu suna tsoron kira, suna ganin duk abin da ya haɗa ka da hukuma fitina ne. Na fahimci inda tsoron ya samo asali. Amma mai iƙama, wato takardar izinin zama, a hannu da ya kai rahoton allon da ya faɗi bai yi laifin komai ba, don haka aka buɗe layin. Wanda kuma aka ci tara a inda allo ya ruɗe, yana da kwana 30 ya shigar da ƙorafi ta Absher, manhajar gwamnati. Ya koma wurin ya ɗauki hoto mai kyau da ke nuna allon da titin tare, tun kafin a canza shi.

Manyanmu da suka daɗe a tuƙi, in yaro ya zo daga gida, kafin a nema masa gidan aiki a zaunar da shi. A rubuta masa lambobin Larabci daga sifili zuwa tara har ya haddace. A nuna masa kusurwa takwas da kusurwa uku. A gaya masa sunaye biyu na manyan titunan garin. A sanar da shi cewa ko inda aka yarda a juya dama a kan jar danja, sai an tsaya cak tukuna, rage gudu kaɗai bai isa ba. "Bi motar da ke gabanka" ba koyarwa ba ce, don motar gaban ma wataƙila ɓata ta yi.

Sai masu gida, kuma a cikinsu akwai Hausawa 'yan uwanmu da Allah ya buɗa wa har suka ɗauki direba. Saƙon tara yana shigowa, abu na farko da ake yi shi ne a ce za a cire daga albashi. Yaron yana da uwa a Katsina ko Damagaram da ke jiran wannan kuɗi a ƙarshen wata. In ganganci ya yi, ya biya, babu mai ja. Amma in ya ce maka, "Alhaji, wallahi allon wurin ba ya ganuwa," kada ka yanke hukunci daga kan kujera. Shiga motar ku je wurin tare, a lokacin da abin ya faru, ka kalli allon daga mazaunin direba kafin ka taɓa kuɗinsa.